Yadda Za Ka Yi Wa Motar Iyali Juyen Baƙin Mai a Gida, Yara Na Kallo Suna Koyo

Idan haihuwa ta ƙaru a gida, ko kuɗin shiga ya ja baya, ko ɗaya cikin iyaye ya ajiye aiki don ya zauna ya karantar da yara da kansa, mota ce ake fara sa wa ido a lissafi. Wani ya ce a sayar a huta, wani ya ce a ci bashi a sauya babba. Ni a ganina, matuƙar inji da giya suna lafiya, kuma kowa a gidan yana samun kujera da bel ɗinsa, babu motar da ta kai wadda ke hannunka araha. Ka gama biyanta, ka san halinta, ka san kukanta. Abin da take nema a wurinka kula ce, kuma kan gaba a kular nan shi ne juyen baƙin mai a kan lokaci. Yawancin injinan da na ga sun buga, in ka bi diddigi, za ka tarar an bar mai ya ƙone ko ya ƙare, ko kuma an bar ruwa ya tsiyaye.

Na daɗe ina yi wa motar gidanmu juye da hannuna, kuma aiki ne da duk mai haƙuri zai iya, namiji ko mace. Kuɗin bakanike da za ka rage riba ce. Wadda ta fi ta kuwa ita ce ka san ainihin man da ya shiga injinka, kuma ka riƙa ganin ƙarƙashin motarka da idonka, inda yoyo da tsatsa da yagaggiyar roba suke fara nuna kansu. In kana da yara, ranar juye rana ce ta darasi, domin akwai karatu a ciki, akwai awo, akwai lissafi. Zan nuna inda za a sa su da inda za a nesanta su.

Kayan da za ka tanada

Littafin motar shi ne na farko. A ciki za ka ga irin man da injin yake sha, da yawan litarsa, da ƙarfin da ake ɗaure noti. In littafin ya ɓata, nemi kwafinsa a intanet da sunan motar da shekararta da girman injin. Sau da yawa ma an rubuta irin man a kan murfin da ake zuba shi.

Sai baƙin mai da sabuwar filta. Ƙaramar mota mai silinda huɗu yawanci tana shan lita 3.5 zuwa 5. Ka haɗa da sabuwar wosha ta notin juye, wato ɗan zoben nan na jan ƙarfe ko alminiyam da ke hana yoyo. Kana buƙatar sifana daidai kan notin, kuma 14 da 17 su ne aka fi cin karo da su, ko da yake akwai 13 da 19. Ka yi amfani da soket ko sifana mai zagayayyen baki. Mai buɗaɗɗen baki tana zamewa ta cinye kan noti, daga nan kuma aikin rabin awa sai ya zama na yini.

Sauran su ne: sifanar kwance filta, faffaɗan daro da zai ɗauki fiye da man da ke cikin injin, mazurari, jak, matokaran ƙarfe guda biyu da mota ke zama a kansu, waigi, safar hannu ta roba, tsummoki, kwali na shimfiɗa, ɗan yashi don abin da ya zube, jarka mai murfi, da ɗan littafin rubutu da zai riƙa zama cikin motar. In babu mazurari, yanke gindin busasshiyar gorar roba mai tsabta ka kifa ta. In akwai wanda zai ara maka sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka aro, musamman a karon farko, don hannunka ya san iyakar da ake tsayawa.

Abin da ya kamata ka sani game da man

A jikin galan za ka ga rubutu irin 5W-30 ko 10W-40 ko 20W-50. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana lokacin da injin yake a sanyaye, ta biyu kuma kaurinsa bayan injin ya ɗau zafi. Mutane da yawa suna ganin duk man da ya fi kauri ya fi kyau, sai su ɗura 20W-50 a injin da aka ƙera don 0W-20 ko 5W-30. Sababbin injina suna da siraran hanyoyin mai, kuma mai kauri yana daɗewa bai kai saman injin ba idan an tayar da safe, alhali a daidai wannan lokacin ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Bi abin da littafin ya ce. Littattafai da yawa suna da jadawalin da ya ba da zaɓi biyu ko uku gwargwadon zafin wuri, to ka zaɓa daga cikin jadawalin.

Akwai kuma darajar man, wadda ake rubutawa da haruffan API, wato ma'aunin ingancin mai na Amurka. Na injin fetur yana farawa da S: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Na baya-bayan nan yana maye gurbin na da a injin fetur, don haka in littafinka ya ce SL, SN ko SP sun yi. Na injin dizal yana farawa da C, kamar CI-4 ko CK-4. Motocin Turai sukan nemi ma'aunin ACEA, wani lokaci har da lambar kamfanin da ya ƙera motar.

A nan ne ba na yarda a yi tsumulmula, domin araha ba ta ado. Sayi mai a rufaffen galan daga wurin da ka amince da shi, ka duba hatimin murfin bai taɓu ba. Man da aka auno daga buɗaɗɗen duro ba ka san abin da ke cikinsa ba. Haka ma filta. In za ka rage kuɗi, rage a ƙawar mota da kayan kiɗa.

Yaushe ake juye? Man gargajiya yakan kai kilomita 5,000, man roba da ake haɗawa a masana'anta kuma 10,000 zuwa 15,000, ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Sai dai littattafan mota suna da jadawali na biyu don motar da ke shan wahala: gajerun tafiye-tafiye da injin ba ya gama ɗaukar zafi, ƙura, dogon tsayuwa a cunkoso, ɗaukar kaya mai nauyi. Motar iyali mai kai yara nan da can tana cikin wannan rukuni ko da mai ita bai sani ba, kuma a jadawalin nan tazarar takan ragu zuwa kusan rabi.

1. Zaɓi wuri, ka ɗumama injin

Ka nemi shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, kamar daɓen siminti. A gangara ko kan ƙasa mai laushi, jak yana nutsewa ko ya kauce. Tayar da injin na minti uku zuwa biyar don man ya saki, sannan ka kashe. In kuwa yanzu ka dawo daga tafiya, bari ya huce na kusan rabin awa, saboda man injin da ya yi aiki yana kai wa zafin tafasasshen ruwa. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi amma tana kisa.

Cire makullin ka sa a aljihunka. Wannan ya zama doka in akwai yara a wurin.

2. Ɗaga motar ka tokare ta

Duk aikin nan, wannan matakin ne ke iya cin rai, don haka zan daɗe a kansa. Ja birkin hannu. Sa giya a P in mai sarrafa kanta ce, ko giya ta ɗaya in ta hannu ce. Sa waigi gaba da bayan tayoyin baya. Littafin zai nuna maka wuraren da aka ƙarfafa don ɗora jak, yawanci a gefen ƙasa bayan tayar gaba, inda za ka ga ɗan tsagi biyu. Ɗaga, ka zura matokarin ƙarfe, ka sauke motar a hankali har nauyinta ya zauna a kansa. Yi haka a ɗaya gefen. Sannan ka tsaya a gaba ka girgiza motar da ƙarfi. In ta yi motsi, sake zama.

Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don canjin taya, kuma jak ɗin da ke aiki da matsin mai yana iya saki ba tare da wata alama ba. Kada kuma ka tokare da bulo. Bulo yana da rami a ciki, yana fashewa farat ɗaya. In ba ka da matokaran ƙarfe, akwai hanyoyi uku. Ka hau da tayoyin gaba kan kauraren katakai masu faɗi da aka jera a kwance aka buga su tare, ko ka nemi wurin da ke da ramin duba mota, ko kuma, in motarka mai tsawon ƙafa ce, ka gwada ko hannunka zai kai notin ba tare da ka ɗaga ta ba. Ko da ka tokare da kyau, tura tayar safaya a kwance ƙarƙashin gefen motar, ta zama kariya ta biyu.

Yara ba sa shiga ƙarƙashi. Ka ja musu layi da alli a ƙasa, su tsaya bayansa har sai motar ta sauka. Wanda ya ɗan tasa shi ne mai miƙo kaya: ka ce masa «ɗana, miƙo sifana mai lamba 14», ya nemo lambar da kansa ya karanta. Ƙanana sosai kuwa a riƙe su a cikin gida har a gama wannan ɓangaren.

3. Gano notin juye na gaskiya

Buɗe bonet, kwance murfin zuba mai, ka ɗan zaro geji, wato siririyar sandar auna mai, don iska ta shiga man ya sauka da kyau. Kwance murfin tun yanzu yana da wata fa'idar: in ya ƙi kwantuwa, gara ka sani kafin ka zubar da man.

Kwanta kan kwalinka ka duba ƙasan injin. Za ka ga wani kwanon ƙarfe inda mai ke taruwa, da noti guda ɗaya babba a gefensa ko a gindinsa. Wasu motocin suna da faifan roba da ya rufe ƙasan, sai an cire shi ko an buɗe ɗan taga a jikinsa. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne su kwance notin giya, domin a motoci masu ja da tayoyin gaba, akwatin giya yana manne da injin kuma shi ma yana da notinsa. Sai mutum ya zubar da man giya, ya ƙara lita huɗu a kan injin da yake cike, ya lalata abu biyu a tafiya ɗaya. Bi bututun gejin mai da ido daga sama, inda ya sauka nan ne kwanon injin. In kuma abin da ya fara fitowa ja ne, ko yana da wari daban mai hawa kai, mayar da notin nan take.

4. Kwance ka bari ya tsiyaye

Sa safar hannu. Ajiye daron ɗan gaba da notin, ta inda bakinsa ya fuskanta, saboda man yana fara fitowa da tsiri kafin ya koma ɗiga. Ɗora sifana ta zauna sosai, ka juya saɓanin tafiyar hannun agogo. In ya yi gardama, buga ƙarshen sifanar da tafin hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya fi ja a hankali. Da ya saki, ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sai ka ji zaren ya ƙare sannan ka fizge hannunka gefe. Ko notin ya faɗa daro ba komai, za ka tsamo shi daga baya.

Ba shi minti goma zuwa sha biyar. Kafin nan, jawo ɗan man a farin tsumma ka fito da shi haske, ka kira yaran su gani. Baƙi dai ba laifi ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe datti. Abubuwa uku ne abin tsoro. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ne ke shiga, kuma galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. In kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wani abu yana cinyewa a ciki. In yana warin fetur sosai kuma ya tsinke, fetur na sauka cikinsa. Kowanne ka gani, ƙarasa juyen, amma kai motar wurin bakanike kafin doguwar tafiya.

5. Canza filta

Filta iri biyu ce. Akwai mai kama da gwangwani da ake murɗawa a jikin inji, akwai kuma ta takarda da ke zaune cikin gida mai murfi. Matsar da daron ƙarƙashinta, domin ita ma cike take da mai.

Ta gwangwani takan kwantu da hannu in an goge ta da busasshen tsumma. In ta ƙi kuma ba ka da sifanarta, naɗa mata tsohon bel na fata ka ja, ko ka riƙe ta da takardar goge katako don hannu ya kama. Wasu sukan soke ta da sukudireba su murɗa. Ba na ba da wannan shawarar, don in gwangwanin ya yage ba tare da gindin ya motsa ba, motar ba za ta tashi daga wurin ba.

Da ta fito, juya ta ka duba bakinta. Dole ka ga baƙin zoben roba a jikinta. In babu, to ya manne a jikin injin, ka ɓamɓaro shi. Wanda ya ɗora sabuwar filta a kan tsohon zobe, zobe biyu za su haɗu, kuma da injin ya tashi man zai yi feshi ya ƙare cikin ɗan lokaci. Goge wurin tas. Dangwali sabon mai da yatsa ka shafa wa zoben sabuwar filtar, ka murɗa ta da hannu har zoben ya taɓa jikin inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure ta da sifana.

Ta takarda kuma tana zuwa da sababbin zobban roba a kwalinta. Cire tsofaffin daga murfin, ka lura da tsagin da kowanne yake, ka sa sababbin a daidai wurin bayan ka shafa musu mai. Murfin nan sau da yawa na roba ne kuma an rubuta ƙarfin ɗaurinsa a kansa, wuce haka yana tsaga shi.

6. Mayar da notin

Goge notin da bakin ramin, cire tsohuwar wosha ka sa sabuwa. Fara ɗaurawa da yatsu kawai. Ya kamata ya shiga sumul har ƙarshe. In ya cije tun daga zagaye na farko ko na biyu, ya hau zare a karkace, ka dawo da shi ka sake. Sai ya zauna sannan ka ɗora sifana. Yawancin ƙananan motoci suna neman tsakanin 25 zuwa 40 Nm a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wato ɗauri mai kyau da hannu ɗaya a gajeriyar sifana, ba tare da ka sa nauyin jikinka ba. Ɗauri fiye da kima shi ke cinye zaren kwanon, musamman na alminiyam, kuma gyaransa ya ninka kuɗin juye sau da yawa. In sabuwar wosha ba ta samu ba, tsohuwar za ta iya sake zagaye ɗaya in ba ta tsage ba, amma ka riƙa leƙa ƙasan motar a kwanakin farko.

7. Sauke motar ka zuba sabon mai

Janye daro da kayan aiki, ɗaga da jak, zare matokarai, sauke. Yanzu yara za su iya matsowa. Bari ɗaya ya riƙe mazurari, ɗaya ya riƙa karanta layin awo da ke gefen galan. Tambaye su: injin yana shan lita 4.2, galan ɗin lita 5 ne, nawa ya kamata ya rage? Yaron da ya ga amsar da idonsa a jikin galan ba ya mantawa da ita.

Zuba ƙasa da abin da littafi ya ce da kusan rabin lita, ka dakata minti biyu, ka duba geji. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa ce wahala. Man da ya wuce kima, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta kare ƙarfe, ga shi kuma yana matsa wa robobin da ke tare mai har su fara yoyo. Rufe murfin da kyau.

8. Tayar, ka duba yoyo, ka sake awo

Tayar ba tare da ka taka totur ba, idonka a kan jar fitilar mai. Ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ta wuce daƙiƙa goma tana ci, kashe injin ka bincika. In ta mutu, bar shi ya yi minti biyu, ka durƙusa daga gefe ka haska notin da filtar. Ko ɗigo ɗaya bai kamata ka gani ba.

Kashe, jira minti biyar man ya koma ƙasa. Zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Za ka ga ya ɗan sauka, domin filta ta sha nata. Ciko kaɗan-kaɗan har ya kusa alamar sama. A motoci da yawa, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita guda ce, wannan zai nuna maka yawan da za ka ƙara. Daren nan ka shimfiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin injin, da safe ka sa yaran su duba ko akwai tabo.

9. Tsohon man

Juye shi cikin jarka ko galan ɗin da ka gama da shi, ka rufe, ka rubuta a jiki, ka ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada ka taɓa sa shi a gorar abin sha. Kifa tsohuwar filtar a daro ta kwana tana tsiyayewa. Kai su wurin da ake karɓar tsohon mai, gareji da gidajen mai masu yin juye galibi suna tarawa don a sake sarrafa shi. Zuba shi a ƙasa ko a kwata cuta ce ga kowa, musamman gidan da ke shan rijiya ko yake da lambu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye guda ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Haka kuma tsohon mai ba ya son daɗewa a fata, gwaji a kan dabbobi ya nuna yana jawo ciwon daji, don haka a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

10. Rubuta

Wannan aikin babban yaro ne. Ya rubuta kwanan wata, lambar da mita ta nuna, irin man, lambar filta, da kilomitar da juye na gaba zai faɗo. A wani shafin kuma ya riƙa rubuta fetur: a cika tanki, a rubuta mita, in an dawo cikawa a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Tafiyar kilomita 420 da lita 35 ta ba da kilomita 12 a kowace lita. Bayan 'yan watanni za ku san adadin motarku, kuma ranar da ya faɗi ba tare da dalili ba, kun san wani abu ya taso tun kafin ya yi ƙara. Littafin nan yana kuma ƙara wa motar daraja ranar da za a sayar.

11. Zagayen minti goma kowane wata

Tunda bonet a buɗe yake, ƙarasa da waɗannan, sannan ka mayar da su al'adar kowane wata.

Taya ce na fi damuwa da ita a motar da ke ɗaukar yara. Auna iska da safe kafin a yi tafiya. Adadin da ya dace yana kan takardar da aka liƙa a dokin ƙofar direba, lambar da ke jikin tayar kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. A motoci da yawa takardar tana da adadi biyu, na mutum biyu ko uku da na cikakken kaya. Gidan da ya ƙaru yana bukatar na biyun. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan fetur, tana cinyewa ta gefe, tana ɗaukar zafi har ta fashe. A cikin tsagin tayar akwai 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6, in zanen ya yi daidai da su tayar ta ƙare. Shekarunta ma suna jikinta, a lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Sa yara su zagaya su karanta na kowace taya har da safaya, su lissafa shekarun. Wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba, wadda ta wuce biyar kuma a riƙa duba ko ta fara tsattsagewa.

Ruwan lagireto ana duba shi ne a farar robar da ke gefe, injin yana sanyi. Buɗe murfin lagireto da zafi yana watsa wa mutum tafasasshen ruwa a fuska. Ciko da ruwan sanyaya inji irin wanda littafi ya ce. Ruwa zalla na ranar larura ne, in ya daɗe yana sa tsatsa. Ruwan nan yana da launi mai kyau da ɗanɗano mai zaƙi, kuma guba ne mai kisa, don haka a kulle shi daga yara da dabbobi.

Man birki ya tsaya tsakanin alamomi biyun. In yana sauka, ko birkin ya fara cinyewa ko akwai yoyo, ciko kawai ba ya magance ko ɗaya. Irinsa yana kan murfin, DOT 3 ko DOT 4, kuma yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi kusan duk shekara biyu. Filtar iska kuma a ɗaga ta wajen haske, in haske ba ya ratsa ta a canza. Kan batir in ya yi farin gari, cire wayar da ke da alamar ragewa tukuna, ka goge, ita ce kuma ta ƙarshen mayarwa. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 a ma'aunin wuta in injin a kashe yake.

Abin da za ka bar wa bakanike

Birki, sitiyari, giya da duk abin da ya shafi jakar iska ta kariya, ka bar wa mai sana'a har sai wani gwani ya tsaya a kanka ya koya maka. Nemi sanin ko injinka bel ɗin taimin yake da shi ko sarƙa, wato abin da ke daidaita juyawar saman inji da ƙasansa. In bel ne, yana da wa'adi, yawanci tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000 gwargwadon mota, kuma a injina da yawa in ya tsinke ana tafiya, ya tafi da kan injin. In ka sayi motar a hannu kuma babu shaidar an canza shi, ɗauka ba a canza ba, ka fara tara kuɗinsa daga wannan watan.

In fitilar inji ta kama, akwai ƙaramar na'urar OBD2 da ake jonawa a wani soket ƙarƙashin sitiyari ta nuna lambar matsalar a waya. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin, na fetur a Turai kuma daga 2001. Lamba irin P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta kama wuta daidai, abin da kan iya zama fulogi kawai. In fitilar tana ci tsaye, za ka iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙyaftawa, rage gudu ka tsaya da zarar ka sami wuri. Rubuta lambar a littafinku kafin kowa ya goge ta, ka tafi gareji da littafin, ka kuma ce a ba ka tsohon abin da aka cire.